Ya kwanta yana munshari bai tashi ba: wa ya san allurar nalokson?

Abban Sadik (Kurna):
Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri zan ɗan ja dogo, abin ne ya tsaya min a rai tun satin jiya. Yaron maƙocinmu, bai fi shekara 22 ba, adaidaita yake ja, abokansa suka kawo shi gida wajen sha ɗayan dare riƙe da shi suka ce ya ɗan sha da yawa ne a bar shi ya yi barci zai wartsake. Aka shimfiɗa masa tabarma a soro. Ni da kunnena na ji munsharinsa da na zo wucewa bayan na rufe shago, wani irin munshari kamar ana shaƙe mutum, na leƙa na tambaya aka ce min barci ne. Mahaifiyarsa ta ɗura masa madarar gwangwani, wani ya kwara masa ruwa, kowa ya je ya kwanta. Da asuba aka zo tashinsa sallah har ya yi sanyi. A wajen zaman makoki ne wani ɗan uwansu mai aikin asibiti yake ce min wannan munsharin numfashi ne ke ɗaukewa, kuma akwai wata allura wai ita nalokson da ke dawo da mutum cikin mintuna in ƙwaya irin su kodin ce ta kayar da shi. Wlh tun ranar barci ya ƙaurace min, don na tsaya a kansa na ji shi kuma na wuce. Don Allah masu ilimin abin ku yi mana bayani, gaskiya ne? In gaskiya ne me ya sa mu mutanen unguwa ba mu san da ita ba?

Maman Khairat:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya yafe masa, Allah ya ba uwar nan haƙuri.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta masa. Wannan shi ne na uku da na ji irinsa bana, duk labarin ɗaya, a bar shi ya yi barci.

Anti Nas:
Allah ya jiƙan rai. Abban Sadik kar ka ɗora wa kanka laifi, abin da ba a koya maka ba ba za ka sani ba, amma abin da ɗan uwan nasu ya faɗa maka haka yake. Shekarata 14 ina aikin jinya. Kodin, tiramol, penta da ake yi da allura, mofin, hodar heroyin, duk dangi ɗaya ne, asalinsu daga opiyom, wani ƙaro da ake samu a jikin wani tsiro, ko kuma an haɗa su su yi aiki irin nasa. A ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke ba huhu umarnin jan numfashi ko kana barci, to su waɗannan in sun yi yawa can suke zuwa su danne, sai numfashin ya riƙa raguwa a hankali a hankali har ya tsaya, shi ya sa mutuwar ba ta da hayaniya, mutum yana kwance ana zaton hutawa yake. Ita nalokson in ta shiga jini sai ta je ta ture ƙwayar daga inda ta maƙale ta zauna a wurin, cikin minti biyu zuwa uku sai ka ga mutum ya ja numfashi. Ba sabon magani ba ne, tun 1971 aka amince da shi a Amurka, kuma yana cikin jerin magunguna na dole da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta tanada. Mu a nan an fi ganinsa a ɗakin tiyata, 'yar ƙaramar kwalba ce. Alama uku ake dubawa: ka kira shi ka girgiza shi ka murza ƙashin ƙirjinsa da ƙarfi bai motsa ba, numfashinsa ya yi ƙasa sosai ko yana wannan gurnanin, sannan ka buɗe idonsa ka ga baƙin tsakiyar ya tsuke kamar bakin allura. A fatarmu ba lallai ka ga shuɗi ba, leɓe da dasashi ne ke komawa toka-toka.

Baban Ummi (Rijiyar Lemo):
Anti mun gode da bayani amma ni fa gsky ina da ja. Yaran nan sun addabe mu, su ne ƙwacen waya su ne faɗan daba, yanzu kuma a ce an kawo musu maganin da in sun sha sun faɗi za a tashe su? Ai ba su lasisi aka yi kenan. Wanda yake ɗan jin tsoron mutuwa ma tsoron zai fita. Kuɗin da za a sayi wannan allurar a sayi maganin zazzaɓin cizon sauro wa ƙananan yara da ba su ji ba ba su gani ba.

Ɗan Fagge:
Haba Baba, yaron da ake magana a kai sana'a yake yi fa, ba kowane mai sha ne ɗan daba ba.

Baban Ummi (Rijiyar Lemo):
Ban ce shi ba ɗana, Allah ya jiƙansa. Tsarin nake magana a kai.

Wanda Allah Ya Shirya:
Baba bari in ba ka amsa don ni na zauna a cikin abin, shekara shida ina shan kodin da tiramol, yanzu shekarata huɗu da dainawa alhamdulillah har na yi aure. Wlh tallahi babu ranar da na taɓa ɗaga kwalba ina lissafin mutuwa ko rashinta. Mai sha ba ya wannan lissafin, jikinsa ne ke ciwo ƙashinsa na sara hancinsa na zuba, so yake kawai ya samu ya daidaita. Mun binne abokai mun dawo daga maƙabarta mun sha a daren. To in mutuwar da muka gani da ido ba ta hana mu ba, ta yaya rashin allura zai hana? Ni sau ɗaya na faɗi a wani kango, Allah ya sa wani abokina ya ɗauke ni a babur ya kai ni asibiti, ban san me aka yi min ba na dai farka ina amai ina rawar sanyi kamar raina zai fita. Ba wanda zai so a maimaita masa wannan farkawar. Da an bar ni na yi barci a ranar da yau babu 'yata da nake ɗauke da ita yanzu ina rubutun nan.

Maman Khairat:
Allahu akbar. Allah ya ƙara tsare ka ɗana, ya raya maka ita.

Anti Nas:
Abin da ya faɗa na amai da rawar jiki haka ne, in jikin mutum ya saba da ƙwayar to allurar kan jefa shi cikin ciwon rashinta nan take, wani ma ya tashi da faɗa. Ita kanta ba ta sa maye ko kaɗan, ba a sabawa da ita, in ka yi wa wanda bai sha komai ba ba abin da za ta yi masa. Shi ya sa ba ta da kasuwa a wajen 'yan ƙwaya.

Malam na Gwale:
Assalamu alaikum. Alhaji Baban Ummi damuwarka tana kan hanya, kowa ya san ɓarnar da kayan maye suka yi mana a garin nan, kuma haramcinsu ba abin tattaunawa ba ne. Amma mu raba abu biyu. Hana sha wajibi ne a kan iyaye da malamai da hukuma. Ceton wanda ke shirin mutuwa a gabanka shi ma wajibi ne, kuma ba a tambayar mai nutsewa a ruwa me ya kai shi kogi kafin a miƙa masa hannu. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 32 wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, bai ware ran mai biyayya daga na mai saɓo ba. Kuma ya zo a Bukhari cewa akwai wani sahabi da aka sha kawo shi ana yi masa haddi saboda giya, wani ya tsine masa, sai Annabi SAW ya hana, ya shaide shi da cewa yana son Allah da Manzonsa. Ƙofar tuba a buɗe take matuƙar da rai. In yaro ya mutu cikin maye mun rufe masa ita da sakacinmu, in ya farka ko bai tuba yau ba akwai gobe.

Baban Ummi (Rijiyar Lemo):
Allah ya gafarta Malam na ji wannan kuma ban musa ba. Amma har yanzu ina cewa in aka tsaya a allura aka bar dillalai, ɗiban ruwa ne da kwando.

Malam na Gwale:
A nan kam muna tare.

Mai Kemis Sabon Titi:
Slm. Ni harhaɗa magunguna na karanta, ina so in ƙara wani abu kan maganar Anti don kar mutane su ɗauka allurar nan tana ta da kowa. Matsalarmu a Kano yaran ba abu ɗaya suke sha ba, haɗi suke yi. Za ka ga an zuba kodin a lemon kwalba an jefa roci ko diyazifam a ciki, ga tiramol a gefe. Nalokson ba ruwanta da roci da diyazifam da giya da sholisho da wiwi, dangin opiyom kaɗai take kamawa. Duk da haka in an yi haɗi ana yin ta, don cire kason kodin ɗin kaɗai kan isa numfashi ya dawo. Sai kuma shi tiramol, wanda likita ke rubutawa 50 ne ko 100, amma na bayan fage har 225 da 250 ake shigowa da su. Shi aikinsa biyu ne a jiki, ɓangare ɗaya irin na kodin ɗayan kuma daban, shi ya sa yake sa farfaɗiya, kuma allurar ba ta maganin wannan farfaɗiyar. Ga kuma sabon da ya shigo bayan an matsa wa tiramol, haɗin tafentadol da karisofurodol daga Indiya wanda BBC ta yi bincike a kai a farkon 2025 har gwamnatin Indiya ta hana yin sa, shi ma rabi allurar za ta kama rabi ba za ta kama ba. Abin da nake so a riƙe, ko an yi allura mutum ya tashi ya zauna yana magana, asibiti dole. Ƙarfinta minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar da ke cikinsa kuwa ta fi ta daɗewa, tana sakinsa zai iya komawa inda yake.

Ɗan Fagge:
To kai kana sayar da ita a shagonka?

Mai Kemis Sabon Titi:
Gsky a'a. Shekarata tara a shago ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni, mu kuma abin da ake tambaya shi muke sarowa. Amma wannan zancen ya sa gobe in Allah ya kai mu zan tambaya a kasuwar magani ta Dangwauro in na je sari.

Yaya Habu (daga Amurka):
Ina bin ku tun ɗazu. Nan inda nake abin ya ci mutane ba kaɗan ba, a 2022 kaɗai sama da mutum dubu 100 suka mutu ta shan ƙwaya fiye da ƙima, yawanci saboda fentanil, shi ma dangin opiyom ne, wanda ya ninka heroyin ƙarfi kusan sau 50. Irin muhawarar da Baba ya kawo su ma sun yi ta shekara da shekaru. Ƙarshe dai a 2023 aka yarda a sayar da nalokson na feshin hanci mai suna Narcan ba sai da takardar likita ba. Ba allura ba ne, ka zura a hanci ka danna shikenan, yaro ɗan sakandare zai iya. Ni tasi nake ja kuma akwai guda biyu a motata yanzu haka, kyauta aka ba ni bayan horon da bai kai minti ashirin ba. 'Yan sanda na yawo da shi, ana ajiye shi a makarantu da ɗakunan karatu. A 2024 mace-macen sun sauko zuwa wajen dubu 80, ban ce shi kaɗai ya jawo ba amma yana ciki. Kuma tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk wanda zai iya tsintar kansa a wurin da wani ya faɗi, iyaye ne ko abokai, a ba shi maganin a koya masa. Hujjarsu mai sauƙi ce, likita ba ya wurin a lokacin, aboki ne ko uwa ke wurin.

Hajiya Gwaggo:
Ni abin da ke ci min rai kowa na cewa yara maza. Ku shiga gidajen aure ku gani. Na san matan da ke ɓoye kwalba a cikin kwalla da ƙasan gado, wata kishiya ce ta koya mata wata ƙawa ce a gidan biki, wata kuma bayan tiyatar haihuwa aka fara yi mata penta ta kasa bari. Waɗannan in sun faɗi a ɗaki ba abokin da zai ɗauke su a babur, kuma miji zai ce aljanu ne a kira mai ruƙiya, ko ya sani ya ɓoye don kar a ji a dangi. In za a koyar da abin nan a shigo da mu mata, a islamiyyu da wajen awon ciki.

Anti Nas:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2018, na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi tare da hukumar ƙididdiga, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Kano an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. A shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, a watan Mayu, amma kowa ya san hanawar tsada ta ƙara masa bai ɓace ba.

Ɗan Fagge:
Akwai abin da ba a faɗa ba. Kun san me ya sa abokan suka ajiye shi a soro suka gudu maimakon asibiti? Tsoro. Suna ganin in suka kai shi za a riƙe su a kira 'yan sanda ko NDLEA ko Hisbah, in kuma ya mutu a hannunsu su shiga uku. Ni na taɓa kai wani da mota ta buge wani asibiti, sai da na yi awa huɗu ina amsa tambayoyi kamar ni na buge shi. Wa zai sake?

Lauyan Zoo Road:
Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wannan a rubuce yake. Abin da ya kamata masu unguwanni da kwamitocin unguwa su nema shi ne zama da DPO na yankinsu a fahimci juna cewa wanda ya kawo mara lafiya ba shi ne abin kamawa ba, don in yaran ba su yarda da haka ba ko an cika gari da allura ba za su kira kowa ba.

Wanda Allah Ya Shirya:
Ƙari ɗaya don Allah iyaye ku ji wannan da kyau. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sanda yaro ya fito daga gidan yari ko gidan gyaran hali ko an ɗaure shi a gida wata biyu ya daina. Jikinsa ya manta, shi kuma kansa bai manta adadin da ya saba sha ba, ranar da ya koma ya sha irin na da shikenan. Abokaina biyu haka suka tafi, ɗaya kwana huɗu da fitowarsa, an yi masa sabon ɗinki ana murna ya shiryu.

Abban Sadik (Kurna):
Innalillahi. Wlh yaron nan ma bai fi sati uku da dawowa daga ƙauye ba, babansa ya kai shi wajen kawunsa ya yi wata uku don a raba shi da abokan.

Maman Khairat:
Anti don Allah tunda allurar ba a hannunmu take ba, in abin ya faru yau da daddare me mutum zai yi?

Anti Nas:
Yawwa Maman Khairat. Farko kar a ba shi komai ta baki, ba madara ba manja ba lemon tsami ba ruwan gishiri, wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, huhu abin zai tafi ya ƙarasa shi. Kar a kwara masa ruwa kar a kulle shi a ɗaki. A girgiza shi a kira sunansa, in bai amsa ba a nemi abin hawa nan take, ko a kira 112, a nufi asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa, cikin gari ga Murtala ga na Malam Aminu Kano ga Nassarawa. Kafin abin hawa ya zo in yana numfashi a kwantar da shi ta gefe a ɗan ɗaga haɓarsa yadda ko ya yi amai zai zubo waje. In numfashin ya tsaya ko sai an daɗe yake ja ɗaya, a kwantar da shi rigingine a ɗaga haɓa a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki, sau ɗaya duk bayan daƙiƙa biyar, kana kallon ƙirjinsa na tashi. Wannan hurawar kaɗai tana riƙe rai har a isa. A tafi da kwalbar ko fallen ƙwayar da aka gani a jikinsa, kuma a faɗa wa likita gaskiya, kar a ce zazzaɓi ne, minti ɗaya da za a ɓata ana lalube yana da tsada. In kuma Allah ya sa akwai nalokson, a yi ta a cinya ko damtse ko ta saman wando ne, a jira minti biyu zuwa uku, in bai motsa ba a ƙara ta biyu, kuma kar a bar shi shi kaɗai.

Baban Ummi (Rijiyar Lemo):
Wannan na hura iska da kwanciyar gefe ko ni ina so in koya, ina da samari huɗu a gida kuma ba wanda ya san gobe. Maganar raba allura ga su yaran da kansu ce dai har yanzu ban gamsu ba, in a hannun mai unguwa ko mai kemis ko 'yan sintiri za a ajiye to da sauƙi.

Wanda Allah Ya Shirya:
Baba ƙarfe biyun dare a kango ba mai unguwa ba mai kemis, su yaran ne kawai a wurin.

Baban Ummi (Rijiyar Lemo):
Na ji ka ɗana. Bari in kwana da ita.

Abban Sadik (Kurna):
Na yi magana da mai unguwarmu bayan isha'i na karanta masa abin da kuka rubuta, ya ce ya ba da ƙofar gidansa ranar Asabar bayan la'asar in Anti za ta samu zuwa ta nuna mana a aikace, zai sa a yi sanarwa a masallaci, mata kuma a yi musu nasu a cikin gida. Abokan marigayin guda biyu na nemo su da kaina, da farko sun ɗauka kama su za a yi, na rantse musu ba haka ba ne, sun ce za su zo. Anti me za mu tanada?

Anti Nas:
In sha Allah zan zo, ina sauka aiki ƙarfe biyu. Tabarma biyu kawai da wanda zai yarda ya kwanta a gwada da shi. Mai Kemis in ka samo ko kwalba ɗaya ce ka taho da ita da sirinji mutane su ga yadda take da idonsu. Hajiya Gwaggo ki turo min saƙo ta gefe mu tsara na matan.